Haɗa oba-oba da intanet: har yanzu rediyon sha'awa ne, ko ya koma waya?

Ɗan Ringim:

Assalamu alaikum, iyaye da yayye na wannan zaure. Tambaya ce da ni, kuma ina roƙon amsa daga waɗanda suka san abin a hannu.

A yankinmu, daga Ringim zuwa Taura, masu lasisin rediyon sha'awa, wato masu magana da juna ta rediyo don sha'awa ba don kasuwanci ba, 'yan ƙalilan ne. Ƙasar a shimfiɗe take, babu tudun kirki, oba-oba mai wat 5 da guntuwar eriyarta ta roba ba ta wuce kilomita 4 zuwa 6 in mutum yana tsaye a ƙasa. A yi ta kira a megahaz 145.500 safe da yamma, shiru kamar an shuka dusa. Shawarar da ke gabanmu ita ce a kafa mahaɗa guda, wato rediyo a jone da ƙaramar kwamfuta da intanet, yadda mai oba-oba a bakin gona zai yi magana da wani a Legas ko Ingila ta EchoLink ko AllStarLink, manhajojin da ke haɗa rediyo da rediyo ta intanet.

Sai dai kan manyanmu ya rabu. Wasu sun ce wannan ba rediyo ba ne, WhatsApp ne aka ɗaura wa eriya. Wasu sun ce in ba a yi haka ba, yaran da suka fara sha'awar abin za su watse. To masu ƙyamar, hujja gare su ko ƙin sabon abu ne kawai? In za a kafa a ƙauyen da ba lantarki sai sola da MiFi, me ake buƙata, kuma a ina aka fi tuntuɓe? Kuɗin da aka tara ba zai yi abu biyu ba: a fara da mahaɗa ko da rediyon gajeren zango?

Baba Na-Kazaure:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ina cikin masu ɗari-ɗari da abin, amma ba don sabo ne ba. EchoLink ya fito tun 2002, Jonathan Taylor ne ya rubuta shi a Amurka. IRLP ma, wani tsarin irinsa, ya girme shi, David Cameron ya fara shi a Kanada a 1997. Abin da ya haura shekara 20 ba a kiransa baƙo.

Ɗauki takarda ka zana hanyar da muryarka za ta bi. Daga bakinka zuwa mahaɗa, a ce kilomita 10, iska ce ta ɗauka. Daga nan sai MiFi, sai ƙarfen sabis, sai wayar gilashi da aka binne a gefen titi har Legas, sai kebul na ƙarƙashin teku, sai wata kwamfuta a Turai ko Amurka, sannan ta sake fita iska a can. A tafiyar kilomita dubbai, naka 10 ne kacal. Sauran duk kayan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ran 14 ga Maris 2024 kebul huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a tekun da ke kusa da Kwaddibuwa, intanet ya yi kwanaki yana rarrafe a Afirka ta Yamma. A Satumban 2021 an rufe layukan waya baki ɗaya a Zamfara saboda tsaro. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu, ƙarafunan sabis suna rayuwa da dizal. Ranar da ruwa ya ci hanya a Auyo ko Kafin Hausa, ƙarfen sabis ya mutu, ita ce ranar da ake neman mai rediyo, kuma ita ce ranar da mahaɗar intanet ke komawa akwati mai fitila.

Hujja ta biyu ita ce ilimi. Lasisin nan ana ba da shi ne don mutum ya koyi yadda sigina ke tafiya, ya gwada, ya ƙera. Wanda ya saba danna lamba huɗu a ji shi a Landan garau ba zai taɓa tambayar me ya sa zangon mita 40 ke kaiwa kusa da rana ya yi nisa da dare ba. Shi ya sa ma takardar yabo ta DXCC, wadda ƙungiyar ARRL ta Amurka ke bayarwa ga wanda ya yi magana da ƙasashe 100, ba ta ƙirga maganar da aka yi ta rifita, wato tashar da ke karɓar sigina ta sake watsa ta, ko ta mahaɗar intanet. Mu kuwa masu lambar kira mai farawa da 5N nemanmu ake yi a gajeren zango, domin ba mu da yawa. In ka kira a mita 20 da yamma, Turawa layi suke yi.

Don haka ni dai na ce a fara da gajeren zango, ko da rediyon da aka taɓa amfani da shi ne. Eriyar ba ta cin kuɗi. Raba 143 da yawan megahaz, ya ba ka tsawon waya a mita. Na 7.1 ya kama mita 20 da ɗan ɗoriya, wato mita 10 da 'yan santimita kowane hannu. Wayar wuta ta gida mai kauri 1.5 ko 2.5 ta isa. Yanka ta da rarar santimita 30 kowane ɓangare, domin ragewa ta fi ƙari sauƙi. Guntun bututun roba shi ne makarin tsakiya da na bakin waya. Nan da kebul ya haɗu da eriya, naɗa shi zagaye 12 zuwa 15 a jikin bututu mai inci 4, don kada sigina ta gangaro ta bayan kebul ta shigo ɗaki. In ka auna SWR, wato ma'aunin dacewar eriya da mita, ka ga ya fi sauka a 6.9, wayar ta yi tsawo: duk santimita 10 da ka rage a kowane hannu zai ɗaga ta kusan kilohaz 70.

Ga sirrin da ya dace da buƙatarku: kada ku ɗaga ta sama sosai. A rataye ta a kwance, mita 5 zuwa 7 daga ƙasa, tsakanin darbejiya biyu ko gora. A wannan tsayin sigina sama take harbawa ta dawo kamar ruwan da aka watsa wa rufi, ta rufe duk abin da ke cikin kilomita 300 zuwa 400: Kano, Dutse, Haɗejiya, Katsina, Zariya, Azare, har Damagaram. Da rana mita 40, da dare a koma mita 80, wanda wayarsa ke kusan mita 38 da rabi. Wat 20 zuwa 30 ya isa, ba sai an buɗe 100 da ke jan kusan amfiya 20 ba. Ku riƙe 7.110 da 3.760, nan ne matattarar kiran gaggawa a shiyyarmu ta Afirka da Turai.

Mai Gyara, Wudil:

Baba, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa a kan ranar da sabis ya ɗauke gaskiya ne, ba na ja. Inda na saɓa shi ne a kan abin da ke kashe rediyo a karkara. Ba intanet ba ne, shiru ne. Yaro ya sha wahalar lasisi, ya sayi oba-oba, ya yi wata biyu yana kira ba amsa, sai ta koma ƙasan akwati. Rediyon gajeren zango kuma mutum ɗaya yake yi wa aiki a lokaci guda, a ɗaki guda, alhali mahaɗa ɗaya tana yi wa duk mai oba-oba a kilomita 15 zuwa 20. Kuma wanda ya haɗa ta da hannunsa ya koyi eriya, ya koyi sodarin, ya koyi lissafin batir da saitin murya. Wannan ma ai rediyo ne.

Ƙanena na Ringim, ga yadda ake yi.

Tsayin eriya ya fi ƙarfin wat muhimmanci. Nisan da sigina ke gani a kilomita shi ne 4.1 sau tushen tsayi a mita. Eriya a mita 16 tana ganin kilomita 16 da rabi, mutum a tsaye yana ƙara kusan 5, ka ga 21 ke nan in babu kurmi a tsakani. In an samu izinin ɗaurawa a ƙarfen tankin ruwa na gari, an rage rabin aiki. Eriyar kanta a ƙera ta: sanda ɗaya a tsaye mai santimita 49, ƙafafu huɗu masu santimita 50 a lanƙwashe ƙasa da digiri 45, duka a jikin soket SO-239. Wayar tagulla mai kauri ko sandar walda ta tagulla ta isa. A naɗe mahaɗin da tef mai narkewa a jikinsa, domin ruwan damina in ya shiga kebul, sai ragar ciki ta yi baƙi, sigina ta mutu a hankali ba a sani ba.

Kebul ne wurin da aka fi asara. Siririn RG-58 a megahaz 145 yana cinye kusan rabin ƙarfi a mita 15. RG-213 ya fi shi nesa ba kusa ba. In babu, kebul ɗin dish mai kyau, RG-6, yana aiki: om 75 ne ba 50 ba, don haka SWR zai tsaya wajen 1.5, wanda ba komai ba ne, kuma asararsa ba ta kai ta RG-58 ba. Sai dai ragarsa alminiyom ce, dalma ba ta kama ta, a yi amfani da kan F na murɗawa da adafta.

Kada a sa oba-oba ta Baofeng a matsayin rediyon mahaɗa. An yi ta ne don magana ta minti ɗaya a huta. A mahaɗa kuwa, in aka shiga zauren da mutum goma ke hira, rediyon zai yi rabin awa yana watsawa ba hutu, a zafin bazara mai digiri 42 kuma sai ya ƙone. Kunnenta ma yana toshewa in akwai sigina mai ƙarfi a kusa. A nemi rediyon mota wanda aka taɓa amfani da shi, Motorola ko Kenwood ko Yaesu, mai wat 25 ko 50, a sauke shi zuwa 5 ko 10, a ɗaura masa fankar kwamfuta mai bolt 12 a bayansa.

Kwamfutar Raspberry Pi 3 ta isa. A sa mata AllStarLink, wanda Jim Dixon ya gina a kan manhajar Asterisk kuma yana iya shiga EchoLink, ko SvxLink. Tsakaninta da rediyo ana sa ƙaramin katin sauti na USB mai guntun CM108. Ƙafa ta 13 ta guntun ita ke danna PTT, wato maɓallin magana, ta hanyar resista mai kilo-om kaɗan da taransista irin 2N2222. Ƙafa ta 48 ita ke karɓar alamar COS, wato labarin cewa rediyo ya ji sigina, kuma a sa mata dayod irin BAT43 don kada wutar rediyo ta shiga guntun. Mutane na gudun wannan sodarin su dogara da VOX, wato murya ta danna da kanta. Nan ne matsala ke farawa: yana yanke kalmar farko, yana saki in mai magana ya ja numfashi, kuma in mahaɗa biyu masu VOX suka haɗu sai su yi ta danna juna ba iyaka, har masu zauren su toshe lambarka.

Mitar da za a zauna: tsarin shiyyarmu ya ware 145.2375 da 145.2875 da 145.3375 don irin wannan mahaɗa. Kada a kafa ta a 145.500, wurin kira ne, kada kuma a hau 145.800 zuwa 146, na taurarin ɗan'adam ne. A sa mata sautin CTCSS, wato sautin da sai da shi take buɗewa, misali 88.5, don hayaniyar inbata ko ta injin niƙa kada ta buɗe ta ta tura shuuu zuwa duniya. A saita agogon yankewa a minti 3.

Lissafin wuta a kwana ɗaya: Pi wat 3 sau awa 24, 72. MiFi kusan 60. Rediyo yana saurare, rabin amfiya, kusan 150. Watsawa ta awa 2 a wat 45 da yake ja, 90. Jimla wajen 370. Batir mai bolt 12, amfiya-awa 100, yana da 1,200, amma in na ruwa ne ko jel rabi kawai ake ci, 600, wato kwana ɗaya da rabi ba rana. Farantin sola mai wat 150 yana ba da wajen 500 a yini mai kyau. Da hunturu hazo da ƙura suna rage shi sosai, don haka 200 ya fi kwanciyar hankali, kuma a riƙa goge shi duk kwana biyu. Kada a sa inbata a tsakani: rediyo kai tsaye daga batir ta fis mai amfiya 10, Pi da MiFi ta na'urar sauke wuta zuwa bolt 5 mai amfiya 3. In wutar Pi ta yi ƙasa, katin ƙwaƙwalwarsa ne ke lalacewa, ka wayi gari ya ƙi tashi.

Data ba ta da yawa. EchoLink na cin kusan megabayit 8 a awa ɗaya ta magana. AllStarLink da murya mafi tsabta na cin wajen 36, amma ana iya sauke shi zuwa tsarin matse murya na GSM.

Ɗan Ringim:

Na gode Baba, na gode Yaya. Allah ya saka da alheri. Abu biyu suka rage mini. Na farko, a gwajin da aka yi da kwamfuta da MiFi, EchoLink yana nuna jerin tashoshi lafiya lau, amma in an danna a haɗa sai ya yi ta jira ya yanke, ko lambar gwaji 9999 ba ta shiga. A waya kuwa yana shiga. Na biyu, in mutum yana magana daga manhajar waya zuwa manhajar waya, babu eriya ko ɗaya a tsakani, shi ma rediyon ne? Nan ne gardamar ta fi zafi a wurinmu.

Malamar Kimiyya, Gumel:

Malam na Ringim, tambayarka ta biyu ita ce gindin rigimar, kuma rabin gardamar da ake yi saboda an zuba abu uku a ƙwarya ɗaya ne.

Akwai wanda rediyo ne a baki biyu, intanet a tsakiya kawai. Haka aka gina IRLP da gangan: ba a shigarsa sai da rediyo. Ko masu tsauri da yawa suna karɓar wannan, suna ɗaukarsa kamar dogon kebul tsakanin rifita biyu. Akwai wanda rediyo ne a baki ɗaya, ɗayan waya ko kwamfuta, wanda EchoLink ya buɗe ƙofarsa, kuma shi ya jawo masa suka tun farko. Amma a duba wa yake yi wa amfani: dattijon da ba ya iya hawa gyaran eriya, ɗalibar da ke ɗakin kwanan makaranta inda ba a barin waya a rataye, mai jinya a asibiti. Muryarsu tana fita a iska a ɗaya bakin, don haka dole sai da lasisi, kuma EchoLink ba ya buɗe wa kowa sai ya tura hoton lasisinsa an tantance. Na ukun shi ne waya zuwa waya, da irin na'urorin nan masu siffar oba-oba amma Android ce da layin waya a ciki, ana hawa manhajar hira ta Zello da su. Wannan kam a ganina a kira shi da sunansa: hira ce ta intanet tsakanin masu sha'awar rediyo. Ba laifi ba ce, amma kada a rubuta ta a littafin tasha a matsayin an yi magana da Jafan.

Abin da ya fi damuna ba sunan ba ne, alhakin ne. Duk abin da ya fita daga mahaɗa da lambar kiran mai ita yake fita. Dokar rediyo ta duniya, sashe na 25 na ƙa'idojin ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ta hana ɓoye ma'anar saƙo a rediyon sha'awa, kuma ba wurin kasuwanci ba ne. A ƙauye, da zarar an ji akwai abin da ke kai murya nesa kyauta, za a zo a ce a tambayo farashin riɗi a Maigatari ko a sanar da ɗaurin aure. Sai an yi haƙuri an bayyana cewa ba a yi. Kada a taɓa jona mahaɗa da Zello ko WhatsApp inda marar lasisi zai iya danna rediyon. Kafin a kafa kuma a karanta takardar lasisin a ga ko ta yarda da tashar da ke aiki ba kowa a gabanta, in ba a gane ba a rubuta wa hukumar da ta bayar, a kuma tuntuɓi ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Najeriya, NARS. A halin tsaron da ake ciki, eriya a saman tanki da samari riƙe da oba-oba abin tambaya ne. A je a gai da dagaci da mai unguwa, a kai kwafin lasisi ofishin 'yan sanda na yankin, kowane mai oba-oba ya riƙa yawo da nasa kwafin.

Ladabin magana ta mahaɗa daban ne da na oba-oba zuwa oba-oba. Danna, ƙirga ɗaya, biyu a zuci, sannan ka buɗe baki, domin sai kowace mahaɗa a hanya ta tashi. In ɗayan ya gama, bar daƙiƙa 3 kafin ka amsa. A wannan tazarar ce wani zai iya shigowa, ko mai mahaɗa ya tura alamar # ya yanke. Masu amsawa nan take su ne ke sa tsofaffin rifita a Turai rufe ƙofarsu ga baƙi. In za ku yi Hausa tsakaninku, a sauka daga babban zaure tukuna, kuma lambar kira a faɗe ta da haruffan da duniya ta sani.

Wasu za su kawo muku maganar DMR, wato rediyon dijital, da ɗan akwatin MMDVM mai manhajar Pi-Star. Yana aiki, kuma a BrandMeister, hanyar da ke haɗa masu DMR, zauren Najeriya 621 ne, na duniya 91. Amma ƙarfinsa miliwat 10 ne, tsakar gida kawai yake rufewa, ga shi kowa sai ya sayi sabuwar oba-oba ya nemi lambar DMR. Ga mutanen da suka riga suna da FM a hannu, wannan ba shi ne na farko ba.

Mai Gyara, Wudil:

Ƙanena, matsalarka ta farko sananniya ce, ba kwamfutar ba ce. EchoLink yana ɗauko jerin tashoshi ta ƙofar TCP 5200, wadda kai ne ke fita ta cikinta, shi ya sa jerin ke zuwa. Murya kuwa ta UDP 5198 da 5199 take shigowa daga waje. Layukan waya suna tara dubban mutane a bayan adireshin intanet guda, don haka saƙon da ya zo daga waje bai san ƙofar wa zai buga ba. Ko ka buɗe ƙofofin a saitin MiFi ba zai yi ba, domin katangar tana can wurin kamfanin. Duba adireshin da MiFi ta samu: in ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan katangar. Manhajar waya tana shiga ne saboda tana bi ta wani ɗan aike da masu EchoLink suka tanada.

Mafita ita ce firoksi, wato kwamfutar da ke waje tana karɓar saƙo a madadinka. Akwai na jama'a a cikin saitin manhajar, ya isa gwaji, amma mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda kuma ba a yi shi don a zauna dindindin ba. Na dindindin, a yi hayar ƙaramar kwamfuta ta intanet mai adireshin kanta, a sa mata manhajar firoksin EchoLink, wadda ke sauraro a TCP 8100, ko a haƙa ramin intanet da manhajar WireGuard daga Pi zuwa can a juyo ƙofofin. AllStarLink ƙofa ɗaya yake so, UDP 4569, kuma kiran da kai ka fita da shi yakan shiga ko a bayan katangar, na shigowa ne ke ƙi. Ka tuna kuma lambar kira mai -L a ƙarshe, ta mahaɗa, sai an tantance ta daban da ta mutum.

In ya shiga, kira 9999 daga oba-oba ka saurari kanka. Gurnani mai kauri alamar wutar caja ce ta biyo ta wayar sauti, maganinsa ƙaramar taransifoma mai om 600 zuwa 600 a layin. Ƙarar dit-dit-dit kuwa MiFi ce, a nisanta ta da mita 2 daga katin sauti, a sa zoben ferayit a wayoyin. In murya tana fashewa, rage ta daga ɓangaren kwamfuta har ta yi daidai da ƙarar mai magana kai tsaye.

Baba Na-Kazaure:

Malama ta raba abin yadda ya kamata, kuma na yarda da na farkon, na biyun ma ba zan hana mai uzuri ba. Tunda na ga hankalinku ya karkata ga mahaɗar, sharaɗi biyu nake roƙo. A ware dare ɗaya a mako a cire MiFi, kowa ya kira a 145.500 daga inda yake, a rubuta wa ya ji wa. Cikin wata biyu za ku san wane ƙauye ne rami, wa ke buƙatar ɗaga eriya, wa zai miƙa saƙon wa. Na biyu, da hadari ya haɗo a zare kebul daga bayan rediyo a ajiye bakinsa nesa da kaya, ƙarfen eriyar kuma a ɗaure shi da waya mai kauri zuwa sandar tagulla mai mita 2 da aka kafa a wuri mai danshi.

Ga mai son jin nesa ba tare da layin kowa ba kuma, akwai QO-100. Tauraron Es'hail-2 ne na Katar, an harba shi a Nuwamban 2018, aka buɗe sashen masu rediyon sha'awa a Fabrairun 2019. Yana tsaye wuri ɗaya a digiri 25.9 gabas, gefen taurarin Badr na Arabsat da masu saita dish a garuruwanmu suka sani sarai. Daga Kano da Jigawa yana sama sosai, wajen digiri 65, ta gabas maso kudu. Don saurare, dish mai santimita 80 ko 90 ya isa, da LNB irin mai PLL, da ɗan RTL-SDR, wato makamin sigina da ake jonawa da kwamfuta ta USB. Siginar tana saukowa tsakanin megahaz 10,489.5 da 10,490, LNB ya cire 9,750, sai ka neme ta tsakanin 739.5 da 740. A ba LNB bolt 12 zuwa 13 ta cikin kebul. Da rana in ya yi zafi muryoyi za su riƙa zamewa, sai a sa manhajar SDR Console ta kama fitilar tauraron, wato siginar da yake fitarwa a kai a kai, ta riƙe. Aikawa a megahaz 2,400 ake yi, wat kaɗan, SSB ba FM ba, kuma kada siginarka ta fi fitilar ƙarfi. Wannan sai an tabbatar lasisi ya haɗa da zangon. Amma sauraren kaɗai, Pi da sola ɗin da za ku saya wa mahaɗa sun riga sun ɗauke rabin kayan.

Ɗan Ringim:

Madalla, Baba. An tsayar da daren Alhamis bayan isha'i don kiran da ba MiFi. Yaya na Wudil, adireshin ya fara da 100.72, ka ga maganarka ta fito. Ranar kasuwa za a auno tsayin tankin, sai in dawo da tambayar ko RG-6 ɗin zai kai ko sai an sauke rediyon a ɗaki mafi kusa da gindinsa.